Kun Tambaya, Mun Amsa: Taurarin da Ke Tafiya a Samaniyar Sakkwato

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru ne a kan abu guda, wato tauraron ɗan'adam, wanda masu ɗaura dish ke kira satalayit. Mun zaɓi shida, mun rage tsawon wasu, kuma kamar yadda muka saba mun sakaya sunayen masu su. Abin da zai sauƙaƙa wa mai karatu amsoshin shi ne ya riƙe a ransa cewa taurarin nan ba a wuri ɗaya suke ba, akwai na kusa, akwai na tsakiya, akwai na can ƙololuwa, kuma nisan da aka ajiye kowanne shi ke yanke aikin da zai iya da wanda ba zai iya ba.

Tambaya daga wani malamin firamare a Gwadabawa: Assalamu alaikum, Malam. Wata rana cikin bazara muna zaune a ƙofar gida tsakanin magariba da isha'i, sai muka ga fitilu a sama sun fi ashirin, suna bin juna a jere kamar ayarin raƙuma, ba ƙara ba hayaƙi, har suka ɓace ta gabas. Wasu suka ce jiragen yaƙi ne, dattawa kuwa suka yi ta salati. Mene ne wannan, kuma idan ƙarfe ne, me ya hana shi faɗowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka siffanta abin, taurarin Starlink kuka gani, na kamfanin SpaceX da ke Amurka, wanda ya fara harba su rukuni-rukuni tun 2019. Roka ɗaya ke ɗaukar su da yawa ta sake su tare, don haka a kwanakin farko a jere suke tafiya, kafin kowanne ya hau zuwa mazauninsa, kimanin kilomita 550 daga doron ƙasa, su watse. Ba fitila suke kunnawa ba. Rana ta faɗi a Gwadabawa, amma can inda suke ba ta faɗi ba tukuna, sai haskenta ya bugi jikinsu ya dawo idanunku, kamar yadda kan hasumiyar masallaci ke riƙe hasken la'asar bayan inuwa ta rufe tsakar gida. Abin da ya sa ke nan ba a cika ganinsu ba sai bayan magariba ko gabanin asuba, kuma ɓacewar da suka yi muku ta gabas shiga inuwar duniya ce. In kana son rarrabewa nan gaba, jirgin sama yana da fitilu masu ƙyaftawa, ja da kore, taurarin Allah da Zara matar wata ba sa gusawa a gaban idonka, shi kuwa na ɗan'adam haskensa ɗaya ne, yana ratsa sama a natse cikin 'yan mintoci. Wanda yakan fi sauran haske shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kimanin kilomita 400, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000.

Maganar faɗowa kuwa, gaskiyar ita ce faɗowa yake yi, ƙasar ce ba ya samu. Idan ka jefa dutse a miƙe zai yi gaba ya faɗi, idan ka ƙara ƙarfi zai faɗi can nesa. To duniya dunƙulalliya ce, saboda haka idan abu ya kai gudun kimanin kilomita 28,000 a awa ɗaya a sama da inda iska take, gwargwadon yadda yake sunkuyowa gwargwadon yadda doron ƙasa ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta kewayawa. Da irin wannan gudu, tafiyar Sakkwato zuwa Kano da direba ke kashe yini a kanta ba ta wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. Idan za ka nuna wa ɗalibanka, nemi majajjawar da yara ke korar tsuntsu da ita a gonar gero: dutsen yana son ya miƙe ya tafi, igiya tana janyo shi, a tsakanin biyun sai kewaya ta samu. A sama, ƙarfin da duniya ke janyo abubuwa da shi ne igiyar. Bambancin kawai shi ne yaro sai ya yi ta juya hannu, tauraro kuwa da zarar roka ta ba shi gudunsa babu iska mai kaurin da za ta tsayar da shi, sai ɗan gyara da ƙananan injinansa ke yi jefi-jefi. Na farko da ya yi wannan shi ne Sputnik na Tarayyar Sobiyet, ranar 4 ga Oktoba 1957, lokacin Sardauna yana Firimiyan Jihar Arewa. Girmansa bai wuce tulu ba, nauyinsa kilo 83 da ɗoriya, yana kewaya duniya cikin minti 96, kuma aikinsa bai wuce aiko da wata 'yar ƙara ta rediyo ba, wadda ta yi makonni uku batirinsa ya ƙare.

Tambaya daga wata uwargida a unguwar Mabera: Malam, ina da dish a gidana, amma da zarar hadari ya haɗo sai hoto ya daskare, wani lokaci ma tun ruwa bai sauka ba. Mai ɗaurawa ya ce ba laifinsa ba ne. Sannan idan tauraron yawo yake yi, yaya aka yi dish ɗin yake kafe a bango yana kallon wuri ɗaya shekara da shekaru?

Amsa: Hajiya, a wannan karon mai ɗaurawa yana da gaskiya, amma bari mu fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce uwar ta farko. Duk yadda tauraro ya ƙara nisa, kewayarsa ƙara daɗewa take yi. Na kusa yana gama zagaye cikin kimanin minti 90, amma akwai wani nisa, kilomita 35,786 daidai saman layin ikwaita da ya raba duniya biyu, inda zagaye ɗaya ke cin awa 23 da minti 56, wato daidai lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya. Tauraron da aka ajiye a nan gudu yake yi, kimanin kilomita 11,000 a awa, amma tunda tare yake juyawa da bangon gidanki, a wurinki tsaye yake cik. Wani Bature ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya rubuta tun 1945 cewa taurari uku a wannan layi sun isa su haɗa kusan dukkan duniya. Kafin a kai ga haka sai da aka sha wahala: Telstar, wanda ya fara tsallakar da hoton talabijin kai tsaye tsakanin Amurka da Turai a 1962, yana wucewa ne, don haka kimanin minti 20 kacal ake morarsa a kowane zagaye. Sai a 1964 Syncom 3 ya tsaya a wannan layi, ya kai wa Amurkawa wasannin Olamfik daga Tokiyo.

Sakkwato tana kimanin digiri 13 arewa da ikwaita, saboda haka duk waɗannan taurari a ɓangaren kudu na samaniyarmu suke jere, daga gabas zuwa yamma. Ki duba rufin maƙwabtanki za ki gani: masu kama DStv, wanda ke sauko mana daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, sun fuskanci gabas tare da ɗan karkata kudu, haka masu neman tashoshin Arabsat da ke digiri 26 gabas, yayin da masu neman Nilesat na Masar, da ke digiri 7 yamma, suka juya kudu maso yamma. Babu wanda ya kalli arewa.

To, saƙon da ya taso daga wannan uwar nisa yana isowa a galabaice. Aikin kwanon dish shi ne ya tattara shi ya zuba a ɗan kan da ke gabansa, wanda masu sana'ar ke kira LNB, shi kuma ya tura ta waya zuwa dikoda. Ƙananan dish suna aiki ne da zangon rediyon da ake kira Ku, wanda manyan ɗigon ruwa ke shanyewa suna tarwatsawa, saɓanin zangon C na manyan kwanukan nan na da, wanda ya fi jure ruwa. Abin da kika lura da shi, cewa hoto na daskarewa tun ruwa bai sauka ba, shaida ce cewa kina da lura: hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, dish ɗinki kuma can yake kallo, don haka gajimaren ya riga ya gitta tsakaninki da tauraron tun yana kan hanya. In kin ga hoto ya fara yayyagewa a watan Agusta, ki aika a kwashe shanya. Idan ruwa ya ɗauke hoto ya dawo, babu abin gyara. Idan kuwa bai dawo ba, mai yiwuwa iskar farkon damina ta ɗan gusar da kwanon, ko ruwa ya shiga mahaɗin waya, nan ne za ki kira mai ɗaurawa, kuma kada a bar yaro ya hau ya taɓa shi ana tsawa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Illela: Mun yi gardama a rumfa. Na ce duk kiran da muke yi da wayar hannu sai ya je tauraron ɗan'adam ya dawo, abokina ya ce ƙarya ne. Wa ya ci?

Amsa: Alhaji, sai haƙuri, abokinka ya ci. Wayarka da ƙarfen sabis mafi kusa take magana, shi kuma ya miƙa kiran ga na gaba da shi, ko ya sa shi cikin kebul ɗin gilashi da ke binne a gefen titi. Ku mutanen Illela kun fi kowa sanin haka, tunda wayoyinku kan kamo sabis ɗin Ƙonni ta Nijar idan kun matsa bakin iyaka. Ka kuma tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka kashe layukan sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro: ƙarafan da ke ƙasa aka kashe, taurari na nan a sama, amma wayoyi suka yi tsit. Hatta saƙon da ka aika Makka ko Landan, mafi yawansa ta kebul ɗin ƙarƙashin teku yake bi daga Legas, shi ya sa da wasu daga cikinsu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris 2024, intanet ya yi ta rarrafe har bankuna suka ji a jika. A da ne kiran ƙasashen waje ke bi ta sama, ta tashar Lanlate da ke Jihar Oyo ta yanzu, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1970, da kuma ta Kujama kusa da Kaduna daga baya. Waɗanda suka yi irin wannan kira suna tuna jinkirin da ke sa mutum biyu su yi ta karo da maganar juna, domin hawa da saukar kusan kilomita 72,000 na cin rubu'in daƙiƙa, kafin amsa ta dawo an yi rabin daƙiƙa.

Amma kada ka biya abokin naka duka, domin kana da ɗan rabo. Wayoyi irin su Thuraya da tauraro suke magana kai tsaye, wasu ƙarafan sabis na ƙauyuka masu nisa ta dish ake ciyar da su, kuma Starlink, wanda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta a Janairun 2023, intanet ne daga sama, mai ƙarancin jinkiri saboda ya fi taurarin talabijin kusa da mu sau 65. Sannan akwai GPS, wanda ke nuna maka inda kake a taswira. Taurarinsa, waɗanda ba sa gaza 24, suna kimanin kilomita 20,200 a sama, kowanne ɗauke da agogon da bai san kuskure ba, yana ta shelar lokaci da inda yake. Wayarka na sauraron aƙalla huɗu, ta auna jinkirin isowar kowanne, ta lissafa matsayinka. Sauraro kawai take yi, ba ta mayar musu da komai.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, a Isa: Mun daɗe muna jin cewa Najeriya ta harba taurari da kuɗin jama'a. Suna ina? Kuma idan gaskiya ne suna ganin komai, me ya sa ba sa nuna inda 'yan bindiga ke ɓoye mutanenmu a daji?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan masifa. An harba su, babu ƙarya a ciki. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, kuma a watan Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wanda wani kamfanin Ingila da ke Surrey ya ƙera. Na sadarwa na farko, NigComSat-1, ya tashi daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007, amma ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan sola da ke ba shi wuta, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011, wanda aka ajiye a digiri 42.5 gabas, aka kuma ƙera shi don ya yi shekara 15. A watan Agustan 2011 aka harba biyu masu ɗaukar hoto, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Najeriya da aka horar a Ingila ne suka haɗa shi. An ƙera su ne don shekara 7 da shekara 5, ka ga ke nan tuni suka haura wa'adinsu.

Cewa suna ganin komai kuwa, nan ne finafinai suka yi mana ɓarna. A hoton NigeriaSat-2, ɗigo ɗaya yana wakiltar mita 2.5 na ƙasa, babur da mahayinsa ba su cika ɗigo guda ba. Mafi kyawun hotunan da kamfanoni ke sayarwa, ɗigonsu kimanin santimita 30 ne, za ka gane mota da rufin ɗaki, amma ba fuska ba, ba lambar mota ba. Ga kuma matsalar lokaci. Tauraro mai ɗaukar hoto na kusa ne, kimanin kilomita 700, don haka ba ya tsayawa, yana gitta saman Isa da hantsi cikin ƙiftawa da bismilla, sai kuma bayan kwanaki ya sake dawowa, kafin nan wanda ake nema ya yi ƙaura sau uku. Wanda ke iya tsayawa ya zura ido kuwa shi ne na can ƙololuwa, shi kuma ya yi nisan da mutum ko babur ba ya shiga idonsa. Ka ƙara da gajimaren damina da duhuwar itatuwa. Abin da hoton zai iya shi ne ya nuna sabon sansani da bai kasance a hoton watan jiya ba, ko hanyar babura da ta fara fitowa, ko ƙauyen da aka ƙone. Bin mutum sawu-sawu aikin jirgi marar matuƙi ne da bayanan mutanen gari.

A ganina, tambayar da ta fi cancanta a yi wa hukumomi ita ce wa ke karanta hotunan, kuma cikin kwana nawa suke isa hannun wanda zai yi aiki da su. Tauraro ya fi ƙwarewa a kan abu mai faɗi da ke canzawa a hankali. Hotunan sama ne suka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi, mai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsotse ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye saman tekun Gini suna aiko hoton gajimaren Afirka duk bayan 'yan mintoci, kyauta ga masu hasashen yanayi. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da gulbin Rima ya cika ya batse, ya shanye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san darajar gargaɗin kwana biyu ga manomin fadama. Irin wannan bayani yana samuwa ko da tauraronmu ko da na wasu, amma idan ya tsaya a kwamfutar ofis a Abuja bai isa kunnen mai shinkafa a Goronyo ko Wurno ta rediyo da Hausa ba, an yi tuya an manta da albasa.

Tambaya daga wani ɗalibin ilimi a Gidaɗawa: Tunda taurarin suna sama da gajimare, me zai hana a sa su duba jinjirin watan azumi da na salla a huta da jayayya?

Amsa: Malam, inda wata yake ba ɓoyayyen abu ba ne ga masu lissafin falaki. Yana kimanin kilomita 384,400 daga nan, yana sabuntawa duk kwana 29 da rabi, kuma ana sanin mintin da zai daidaita da rana shekaru kafin lokacin, ba tare da an tura kowa sama ba. Abin da ake nema a daren 29 shi ne ko mutumin da ke tsaye a doron ƙasa zai gan shi a yamma bayan faɗuwar rana, wannan kuwa na'urar da ke can sama da iska da hazo ba ta zama shaida a kansa. Hukuncin abin da za a karɓa na malamai ne da fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wannan fili ba ya shiga hurumin da ba nasa ba. Gudummawar tauraro ita ce ya nuna inda gajimare ko ƙurar hunturu ta rufe da inda sama ta washe, sannan ya kai sanarwar Sarkin Musulmi gidajen masu dish cikin daren.

Tambaya daga wata 'yar sakandare a Bodinga: Idan tauraro ya tsufa ya mutu, ina ake kai shi?

Amsa: 'Yata, ya danganta da inda yake. Na kusa, ɗan ragowar iskar da ke can yana rage masa gudu sannu a hankali har ya sauko, zafin gogayya da iska ya ƙone mafi yawansa kafin ya iso ƙasa, manyan kuwa akan saita su su faɗa tsakiyar tekun Fasifik inda babu mutane. Na ƙololuwa ya yi nisa da a dawo da shi, don haka da ragowar mansa ake tura shi kimanin kilomita 300 sama da layin aiki, wurin da masu sana'ar da kansu ke kira maƙabarta. Waɗanda aka bari sakaka su ne abin tsoro: a Fabrairun 2009 wani mataccen tauraron Rasha ya yi karo da wani mai rai na kamfanin Iridium, suka tarwatse gutsi-gutsi, tarkacen ya shiga yawo. Mafi tsufa da ya rage a sama shi ne Vanguard 1 na Amurka, wanda bai fi ƙaramar kankana girma ba. An harba shi a watan Maris 1958, ya daina magana a 1964, kuma har daren yau yana can yana kewayawa.